Uwa Mai Gudun Fari

"Uwata ka sa cikin imel, Atiku? Uwata?!"

Hajo na tsaye tsakiyar ɗakin karatunshi a Sabon Birni, mayafi ya zame, ido ya yi ja.

"Haba hasken idona, zauna ki ji..."

"Kar ka sake ce min hasken ido!"

To, bari ku ji tushen abin. Su biyun 'yan jami'a ne, har an sa musu rana. Atiku na cikin wani zauren imel na malaman adabi, daga Sakkwato har Yamai, masu bin diddigin halayen mutanen cikin tatsuniya. Bara da ruwa ya ƙi, gero ya bushe a tsaye, sai sunka kama binciken uwar da ke gudu ta bar jariri in yunwa ta shigo gari.

Ita ko Hajo, uwarta Mairama ta bar ƙauyensu Kurawa a babban farin baya, tun ba a yaye Hajo ba. Ba wanda ta taɓa buɗe ma wannan ciwo sai Atiku, wajen zance, tana kuka. Gogan naku ya kwashe tsaf, har suna da gari, ya aika ma malamai wai ga misali mai rai!

Ruƙayyatu, 'yar ajinsu mai son Atiku kamar ta mutu, tana cikin zauren. Ta buga saƙon a takarda, ta hau mota har garin Isa, ta karanta ma innar Atiku, da fassara da ƙarin gishiri.

"Innarka ta aiko a fasa auren," in ji Hajo. "Wai ɗiyar wadda ta gudu ba ta zaman gida."

"Za ni lallashe ta, wallahi! Ai ma ba gudu ta yi ba, amsar Maraɗi ta nuna..."

Sai ya kama bakinshi.

"Wace amsa?"

Ya sunkuyar da kai. Wai wani malami a can ya rubuto cewa ya san wata Mairama 'yar Kurawa mai sai da fura. Neman dawa ta tafi, ciwo ya kwantar da ita. Da ta dawo, dangin miji sunka tare ta a hanya, sunka ce jaririyar ta rasu.

Hajo ta matso kusa da shi.

"Tana... tana da rai?"

"Tana nan."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bazara... Ki fahimce ni, masoyiya, muhawara muke. In dai ta dawo, to ba ta cikin rukunin masu gudu, babina guda ya rushe. Na so in tabbatar tukuna..."

Hajo ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Tun bazara! Uwata na can tana yi ma kabarin da babu shi addu'a, kai kana nan kana jinyar babi?"

"Ina sonki, Hajo..."

"Babinka kake so."

Ta zare zoben azurfarshi ta ajiye kan kwamfutar, ta gyara mayafi.

"Ina za ki?"

"Maraɗi."

"Tsaya in raka ki!"

"Zauna, Malam. Ka rubuta musu sabon hali, mutumin da ya ga uwar matarshi ya yi shiru. Kar ka manta da suna da gari."

Ta fice, ta banko ƙofar langa-langar, har awakin maƙwabta sunka watse.