Lamba Takwas a Gidan Dakta Albert

Rana na shirin faɗuwa na hau acaɓa daga Muchia zuwa Palladan, jakar kayan aiki a cinyata, raina fes. A shekarar 2007 ne. Madam Clara, matar Dakta Albert da ke koyarwa a Samaru, ita ta kira ni in gyara aikin Nedu. Aikin Nedu fa! Ko kyauta ne zan yi.

Ni da Nedu wurin oga ɗaya muka koyi aikin wuta, kuma can ya tarar da ni. Amma shi ke da shago mai ƙofar gilashi a PZ, shi manyan malamai ke nema, ni kuwa sai fanka ta ƙone a tuna da Othniel. Ba na ɓoyewa, ko sunansa aka ambata sai in ji abinci ya fita raina. Madam ta ce in na yi nasara, duk gidajen ƙawayenta nawa ne.

Dakta ya taho da na'urar kunna fitilu daga Turai, wadda ke aika saƙo ta cikin wayar wutar gidan. Daga baya aka ƙara wasu na'urori 'yan China masu rimot, su kuma ta iska suke aika nasu. Biyun ba sa ga maciji. A kunna falo, kicin ya mutu. Nedu ya zo ya raba su, ya ba kowane ɗaki lambarsa, komai ya daidaita. Sai ɗakin baya, inda Dakta ya jibge tsofaffin littattafansa.

"Ba ya jin rimot," in ji Madam a bakin get, Baibul a hannu, za ta taron mata. "Da magariba ya kunna kansa, can ya kashe kansa. Na yi wa Nedu magana, wai a bar shi haka. Ka ji fa!"

"Bai iya ba ne, Madam. Ki je abinki."

Ta miƙo mini makulli ta tafi. Ina shiga falo wayata ta yi ƙara. Nedu ne.

"Othniel, na ji Madam ta kira ka. Abeg, ɗan'uwa, kar ka taɓa lamba takwas. Tana da mai ita. Jira ni, ina hanya."

Na kashe wayar ina dariya. Ya yi kwaɓa, yana so ya riga ni rufewa.

Na buɗe akwatin da ke bangon baranda. Aikin tsaf, sai da na ji haushi. Lamba ɗaya zuwa bakwai kowace da rimot ɗinta. Ta takwas ita ce ta ɗakin baya, kuma babu rimot ko ɗaya a gidan da aka saita a kanta. To ta yaya zai ji? Na sa sukundireba na murɗa ta zuwa bakwai, ta haɗu da ta baranda. Na danna rimot, hasken ƙarƙashin ƙofar ɗakin baya ya kawo. Na sake dannawa, ya ɗauke. Aikin da ya gagari mai shagon gilashi ke nan.

Ladan ya fara kiran magariba a masallacin bayan layi.

Ƙas! Hasken ɗakin baya ya dawo. Na baranda bai motsa ba.

Na ce ko rimot ɗin maƙwabta ne ke shigowa. Na zare 'yan China daga soket. Na tattaro rimot duka, na cire batir, na jera su a ƙasa. Na kashe da hannu daga akwatin.

Ƙas!

Na ce to injin firij ne ke dagula waya. Na fita wurin mita, na zare fis gaba ɗaya. Firij ya yi shiru. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Gida ya yi duhu.

Ban da ƙarƙashin waccan ƙofar.

Wari ya fara zuwa, na tsohuwar takarda da ta sha damina, haɗe da ƙaurin toka mai zafi. Sai na ji wani ƙaramin sauti. Shaf. Shiru. Shaf.

Ana buɗe shafin littafi.

Na ce a raina Nedu ya ɓoye batir a silin, yau asirinsa ya tonu. Na tura ƙofar da ƙafa, na shiga.

Ƙwan fitila na ci, jawur. Tebur, kujera, littafi a buɗe. Babu kowa. Amma katifar kujerar a lotse take, kuma shafi ɗaya na tsaye a iska, an riƙe shi.

Testar gwada wuta da ke aljihun rigata ta kama da kanta.

Shafin ya kwanta a hankali. Kujera ta yi ƙara, lotsawar ta cike.

Ƙofa ta rufe a bayana.

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyata. Muryar ƙasa-ƙasa take, ta tsoho.

"Ina Nedu?"

Muryar ta ci gaba.

"Shi yakan yi sallama. Shi ya tambaye ni lambar da nake so."

Wani abu ya kama wuyan hannuna na dama. Na sha jan wuta a rayuwata, wannan daban ne. Sanyi ne, yana hawa ta cikin ƙashi. Gwiwar hannu. Kafaɗa.

"Da wannan ka murɗa?"

"Yesu," na ce, ko ni ban ji kaina ba.

Sanyin ya iso ƙirjina.

Sai ƙarar babur a get, da gudu a baranda. Muryar Nedu, yana haki.

"Salamu alaikum, Baba! A yi haƙuri, baƙo ne, bai sani ba. Ga shi na mayar."

Na ji murɗawar sukundireba. Ƙas. Aka sake ni, ƙofa ta buɗe, na fita da rarrafe. Kafin in kai falo na ji shaf, an ci gaba da karatu.

Hannun ya warke, yana ɗaukar cokali, yana riƙe Baibul. Amma tun daga ranar duk wayar da na haɗa ba ta ɗaukar wuta. In Nedu ya zo ya kwance, ya mayar daidai yadda na yi, sai ta kawo. Yanzu ƙwan fitila nake sayarwa a shagonsa na PZ, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Mutane na tambayata ko har yanzu ina jin tsoro. Ina ji. Amma ba tsoron ke hana ni sakewa ba. Duk tsayuwar da na yi a ɗakin nan, tsohon bai ko tambayi sunana ba. Shi ma Nedu yake nema.