Gashin Suna a Ƙarƙashin Azurfa

Masu cewa tsafi ba ya samun bizar shiga Ingila, su matso in ba su labarin Rabi'u Jumare. Ni Hajo, na daɗe ina dafa abincin suna a Manchester, babu gidan Bahaushe daga Longsight zuwa Fallowfield da tukunyata ba ta shiga ba. Abin da idona bai gani ba a wannan labari, Rabi'u ne ya faɗa min da bakinsa, yana kuka, bayan kukan ya daina amfani.

Rabi'u akanta ne mai rufin asiri. Matarsa Zinatu mace ce mai fara'a, sai dai Allah bai kawo musu haihuwa da wuri ba. Abu ɗaya ya shiga ran Rabi'u ya yi kane-kane: tara sulallan azurfa. Ba na cefane ba, irin waɗanda ake bugawa don tunawa da cikar shekarun wani abu, a jera su a akwati mai shimfiɗar karan-miski, kowanne da gurbinsa. Ba ya taɓa su sai da farar safar hannu, wai zufa tana ɓata su. Zinatu takan ce, "Ni da aka biya wa sadaki ma ba a lallaɓa ni haka."

Saboda sulallan nan yana da wani ɗan sikeli mai auna ko da ƙwayar gero. To, kun san ranar suna ana aske jariri, a yi sadakar azurfa daidai nauyin gashin. A gida kintace ake yi a wuce wurin. Amma likitocinmu da injiniyoyinmu na nan, ko gishirin miya sai sun auna. Don haka duk suna sai an kira Rabi'u da sikelinsa. In an gama awo, tunda yawanci a bene suke zaune babu ƙasar tonawa, sai su naɗe gashin su miƙa masa: "Don Allah ka binne mana a bayan gidanka." Amana ce, kuma ya daɗe yana riƙe ta.

Wata Asabar ya tafi Birmingham baje kolin masu tara sulalla. Nan ya ga wani saiti mai sule uku, ya tsaya yana haɗiyar yawu, don ko ya sayar da motarsa ba zai kai ba. Sai ya ji an ce a bayansa, da tsohuwar Hausa irin ta kakanni, "Samari, ido ba ya ƙoshi da kallo." Wani tsamurmurin tsoho ne cikin baƙar kwat, yatsunsa duk sun yi baƙi. Ya ce shi maƙerin azurfa ne, maƙerarsa tana nan kusa.

Rabi'u ya bi shi. Wannan ne taku na farko, kuma babu wanda ya ja shi.

Suka ratsa wani lungu a unguwar maƙeran zinariya, suka sauka ƙarƙashin wani tsohon gini. Rana tsaka ce a waje, amma ɗakin nan bai san da rana ba. An lulluɓe bango da baƙin ƙyalle. A tsakiya akwai tukunyar narka ƙarfe tana huci, babu wuta a ƙarƙashinta. Gefe guda ƙwarya ce cike da tsofaffin sulalla da suka yi baƙi ƙirin, an kife ƙoƙon kan rago a kansu. Daga rufi kuma wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne ke reto a jikin zare, ga su nan birjik, kuma babu iska. Wurin yana warin gashin da ya ƙone.

A kan wata jar fata, ga akwatin nan mai sule uku, wanda ya baro a bayan gilashi ɗazu.

"Naka ne," in ji tsohon. "Kuma duk azurfar da ta kwana ɗaki ɗaya da shi, sai an yi rububinta."

Rabi'u ya ce, "Baba, ni fa ina salla. Ba na harkar jini."

"Wa ya ambaci jini? Ko na ƙuda ba na so."

"To mene ne price ɗin?"

Tsohon ya yi murmushi. "Abin da ake ba ka kyauta kana turbuɗewa a ƙasa. Gashin suna. Ka ɗaga shimfiɗar, ka sa kaɗan a ƙarƙashin kowane sule. Waɗannan sulallan tunawa ne, kowanne yana son ranar da zai riƙa tunawa."

"Yaran fa? Ba abin da zai same su?"

"Ni ko sunansu ban tambaya ba. Gashin da aka aske, na wa ne? Tsutsa ce kawai za ta yi asara." Ya tura masa akwatin da ƙafa. "Abu biyu dai. Abin da ya shiga gurbi ba ya fita. Kuma akwati bai san ɗan gida ba."

Rabi'u ya ce min ya lura sarai tsohon bai amsa tambayarsa ba. Ya lura, ya ƙi maimaitawa, don kada a ba shi amsar da za ta raba shi da akwatin.

Sunan da ya biyo baya na ɗan amininsa ne, Dokta Sa'id, yaro mai suna Zayd. Ni na dafa shinkafar. Ina gani Sa'id ya rungume Rabi'u ya miƙa masa gashin a naɗe. Bayan 'yan watanni aka yi sunan Hajar, 'yar wani ɗalibi a Fallowfield, Ubaidullah, wanda ko kuɗin rago sai da aka haɗa masa. Gurbi biyu suka cika.

A wajen sa na biyun ne Zinatu ta shigo ɗaki ta same shi ya ɗaga karan-miski. Ta ce, "Baban gida, ba binnewa aka ce ka yi ba?" Ƙarya ta zo masa a saman harshe. Ya ce, "Wani malami ne ya ba ni. In gashin yaro ya kwanta a ƙarƙashin azurfa, rayuwarsa haske take yi." Zinatu ta ce, "Allah sarki, Allah ya ba ka lada." Ta fita tana jin daɗin mijin da ta samu.

Arziki kuwa ya zo kamar an ɓalle famfo. Duk saitin da ya saya da araha, kafin wata ya kama an fara nemansa ruwa a jallo. Ya ajiye aiki. Suka tashi daga Longsight suka koma wani makeken gida a bayan gari. Aka fara kiransa Alhaji tun kafin ya je Makka. In ana tara gudummawar masallaci shi ne a gaba, mu kuma muna ta sa albarka, ba mu san ruwa ba ya tsami banza ba.

Ranar da Zayd ya cika shekara, uwarsa ta hura balan-balan, ta shiga ɗauko shi daga barcin rana, ta tarar ya yi sanyi. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Ubansa likita, abokan ubansa likitoci, an yi duk binciken da za a yi, ba a ga komai ba. A makabarta Sa'id ya kasa riƙe gawar, sai ya miƙa wa amininsa. Rabi'u ne ya sa yaron a kabari da hannunsa. Da ya koma gida ya buɗe akwati, ya ga sulen farko yana wani irin ƙyalli da bai taɓa yi ba.

Ya ɗaga shimfiɗar don ya cire na Hajar. Babu gashi, ko sili.

Washegari ya kama hanyar Birmingham. Ya zube a gaban tsohon. "Ka karɓi kayanka, ka karɓi gidan, ka karɓi komai. Yarinyar nan ita kaɗai gare su."

"Na gaya maka ba ya fita."

"Ba ka ce mutuwa za su yi ba!"

"Ba ka so in ce ba." Tsohon ya ci gaba da motsa tukunyarsa. "Saura ɗaya. Saitin da bai cika ba, shi yake nemo cikonsa."

Nan ne ni nake jin haushin Rabi'u har gobe. Akwai watanni tsakaninsa da ranar Hajar. Da ya buɗe baki ya gaya wa liman, ya gaya wa iyayenta, a taru a kai kuka wurin Allah, wa ya san abin da Ubangiji zai yi? Amma ya ji tsoron a ce Alhaji Rabi'u matsafi ne. Sai ya koma yi musu hidima. Ya biya musu haya, ya sayi keken jarirai, ya riƙa kai madara. Ubaidullah yana cewa, "Wallahi Alhaji, ko yayana uwa ɗaya uba ɗaya sai haka." Kowace godiya sai ta soke shi kamar allura, ya koma mota ya kifa kai a sitiyari. Ranar ta zo. Hajar ta bi Zayd.

Daga nan Rabi'u ya ce sikeli ya lalace. Ya daina zuwa suna, ya daina cin abincin kirki, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Ya yi niyyar jefa akwatin a ruwa, ya je har bakin gada, hannunsa ya ƙi saki. Ya ce min bai sani ba ko tsafin ne ko kwaɗayin. Ya dawo da shi ya kulle a kabad, ya rantse gurbi na uku zai mutu babu komai.

Sai ga Zinatu da ciki, bayan shekarun da har an daina yi mata addu'ar haihuwa a gabanta. Ta haifi mace, aka sa mata Ihsan. Ranar suna Rabi'u ya tsaya a kan wanzami kamar soja, ya tattare gashin tas, ya ƙi aunawa, ya yi sadakar da ta fi nauyin jaririyar kanta. Ya fita lambu ya haƙa rami mai zurfi ya binne. A ranar na ga ya ci abinci har da ƙari.

Yarinya ta yi wayo, ta fara rarrafe, ta fara kama kujera tana miƙewa. Saura kwana kaɗan ta cika shekara, suna karyawa da safe, Zinatu tana lissafin waɗanda za a gayyata, sai ta ce, "Ka ga yadda take haske kuwa? Maganin malaminka ne."

Ya ajiye kofi. "Wane magani?"

"Na gashi mana. Ka yi wa 'ya'yan mutane, ka manta da taka. Ranar suna na ga ruɗu ya sa ka binne duka, to akwai ɗan abin da ya maƙale a tawul. Na ɗauki key a aljihunka na sa mata a ƙarƙashin na ukun. So nake in ba ka surprise."

Ta faɗa tana dariya, tana jiran ya yaba mata.

Ya tuƙa mota zuwa Birmingham ko takalmi babu. Ya sami ginin a rufe, an liƙa allon neman mai haya. Maƙwabta suka ce ɗakin ƙasan nan ya yi shekaru ruwa ne a ciki. Ya dawo ya sa guduma ya farfasa akwatin, ya kai sulallan aka narkar a gabansa. Sannan, a makare, ya yi abin da ya kamata tun farko: ya tara liman da Sa'id da Ubaidullah a falonsa, ya faɗi komai. Sa'id bai zage shi ba. Ya dube shi kawai ya ce, "Kai na miƙa wa shi, Rabi'u. Sau biyu." Ya tashi ya fita. Ubaidullah kuwa, yaron kirki, ya zauna aka yi ta addu'a da shi, don ya ce jaririyar ba ta yi masa komai ba.

Zinatu tana bayan ƙofa, ta ji duka.

Aka kai Ihsan asibiti tun kafin ranar, likitoci suka duba suka ce lafiyarta ƙalau. Ranar da ta cika shekara tana kan cinyar ubanta, da hantsi, tana wasa da maɓallin rigarsa. Ta ɗora kai a ƙirjinsa kamar mai jin barci. Shi ke nan.

Zinatu ba ta yi kuka ba, kuma ba ta sake dawowa daidai ba. Tana wani asibitin masu taɓin hankali yanzu. In na kai mata abinci sai ta kama ni da hira, tana tsintar zare a jikin mayafina tana ɓoyewa a ƙarƙashin faranti, tana cewa, "Hajo, kar ki gaya masa, so nake in ba shi mamaki." Dukiya kuwa ta bi ta inda ta zo. Gidan ya tafi, motocin suka tafi, masu kiransa Alhaji suka koma tsallaka titi in sun hango shi.

In kun bi ta kasuwar Longsight za ku gan shi a tashar bas ta Stockport Road, da farar safar hannu da ta koma ruwan ƙasa. Ba mahaukaci ba ne, kuma wannan ne azabarsa, don yana tune da komai. Shekara tana da ranaku uku da ba ya iya tashi daga inda yake. Ya nemi abin tunawa, ya samu.

Ku da kuka ƙetaro teku neman na kanku, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku duniya a kan abin da ba shi da daraja, ku tambaye shi sau biyu, in ya kauce ku tashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba mai kwaɗayin kaɗai take ci ba. Kwanan baya wata yarinya ta yar da 'yar tsanarta a gaban Rabi'u, ta tsaya tana jiran ya miƙo mata. Rabi'u ya ɓoye hannayensa a hammata, ya ce da uwar, "Baiwar Allah, ɗauke ta daga kusa da ni."