Kofunan Mata da Miji

Tun kafin Ummulkhair ta gama buɗe akwatin ta gane abin da ke ciki.

Kofunan shayi ne guda biyu kwance cikin farin ƙyalle, launinsu iri ɗaya, ɗaya ya ɗan fi ɗayan girma. Karatun da ta yi a Japan ya ishe ta sanin irinsu. Mata da miji kaɗai ake ba wa, babban na maigida, ƙaramin na matarsa.

Sensei Tokiko, wato Malama Tokiko, tsohuwar marubuciya 'yar Japan da Ummulkhair ke yi wa tafinta tun da ta sauka Dubai don bikin littattafai, ita ce ta miƙo kyautar ana tsaka da walimar bankwana. Ta rusuna mata, sannan ta juya ta rusuna wa Hamissou, direban da kamfani ya ba su, wanda ke tsaye bakin ƙofa yana jiran a tashi. Da guntun Turancinta, yadda kowa zai ji, ta ce:

"Naku ne... ke da mijinki."

Innalillahi!

Dakta Zainulabidin ya ajiye cokali. Shi ne wanda aka sa musu rana bayan Babbar Sallah, kuma ita da kanta ta gayyato shi ya ga irin manyan da take yi wa aiki.

"Habibti, me tsohuwar nan ta ce?"

"Kuskure ne, Dakta... wallahi kuskure ne!"

"Direba ne mijinki?"

Sensei ta dubi Dakta, ta tambaya da Japananci ko maigidan kamfani bai ji daɗin abincin ba ne. Ashe duk tsawon zuwan da yake yi da furanni, ogan Ummulkhair ta ɗauke shi! Wannan kam ba ta fassara wa kowa ba.

Da ta waiga, Hamissou ya riga ya fice.

A gidan yayanta Abdulganiyyu da ke Al Qusais, inda take zaune, labari ya riga ta isa.

"Ki faɗa min gaskiya, akwai wani abu tsakaninki da ɗan Nijar ɗin nan?"

"Babu komai, Yaya. Faɗa ma muke yi kullum."

"To bari ki ji. Mutumin da ko asalinsa ba mu sani ba, da Faransanci a baki da sitiyari a hannu? Kar ma Abba ya ji wannan shirme."

Ta rantse babu, kuma iya saninta gaskiya ta faɗa. To me ya sa da ta furta kalmar sai ta ji kamar ta ci amanar wani? Ta shige ɗaki tana jin haushin kowa, har da kanta.

Washegari da hantsi ta sami Sensei a masaukinta tana haɗa kaya. Ummulkhair ta san tarihin matar nan kamar karatun allo, don ta sha maimaita shi a gaban 'yan jarida. A wani ƙauyen masunta aka haife ta. Ta shafe ƙuruciyarta tana aikin ɗaura wa amare tufafin biki, tana rubutu da asuba kafin ta fita, masu buga littattafai suna ta dawo mata da shi. Sai da furfura ta fito mata sannan labarinta na wasu tsofaffin ma'aurata ya ci babbar kyauta, aka wayi gari ana juya shi zuwa harsunan duniya.

"Sensei, kin jefa ni cikin masifa. Me kika gani?"

Tsohuwar ta daɗe tana ba da haƙuri, sannan ta zauna.

"Ba na jin yarenku, saboda haka kallo nake yi. Ke mai yawan godiya ce. Kina gode wa mai buɗe ƙofa, kina gode wa mai shayi, kina gode wa likitan nan har da sunkuyar da kai. Amma yaron nan ya kawar miki da iskar sanyi a mota ba ki roƙa ba, ya miƙo miki dabino kika karɓa ko kallonsa ba ki yi ba. Ban taɓa jin kin gode masa ba. A wurinmu, mutum ɗaya mace ke yi wa haka."

"To ai rashin kunya ce kawai!"

"Zai yiwu. Na ɗaura wa amare da yawa ɗamara, ina jin numfashinsu a hannuna, nakan ce wannan za ta zauna, waccan ba za ta zauna ba. Sau tari ina cin karo da su bayan shekaru, sai in tarar na yi kuskure. Ni marubuciya ce, 'yata, ƙirƙira ce sana'ata. Kar ki ɗora rayuwarki a kan ganina."

Ummulkhair ta zo neman amsa, ta fita da ruɗanin da ya fi wanda ta shigo da shi. Da ma tsohuwar ta dage cewa ta yi daidai, da ta sami wanda za ta yi wa musu.

A ƙasa ta tarar da wani sabon direba, ɗan Pakistan.

"Ina Hamissou?"

"Khalas," in ji shi. "An sallame shi."

Ta kira Dakta nan take.

"Kai ne?"

"Abokina ne manajan, magana ɗaya na yi. Habibti, mutuncinki nake karewa. Za a soke masa biza ya koma garinsu, shi ke nan an wuce wurin."

"Bai yi komai ba!"

"To ke kukan me kike yi?"

Ta shafa fuskarta. Ashe kuwa hawaye ne. Tana tsaye da waya a kunne ta ji bakinta ya ce, "Na gode, Dakta," ta kashe. Sai da ta kashe ta gane abin da ta faɗa.

Bayan ta raka Sensei filin jirgi, ta hau jirgin ƙasa zuwa Al Ras. Cikin lungunan masu kayan yaji ta sami Hamissou, a shagon wani ɗan garinsu, yana ɗaure kwalaye da za a tura Damagaram. Rana ta yi zafi, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Malama? Me ya kawo ki nan?"

"Na zo ba ka haƙuri."

"Bon, na haƙura. Ki koma kar a gan ki."

"Korata kake yi?"

"Rufa miki asiri nake yi."

"Wa ya ce ka rufa min? Kullum kai sai ka yanke wa mutum hukunci! Ka fice daga walima ko sallama babu, ka bar ni da mutane suna kallona, aka kore ka ba ka ko kira ni ba..."

"Da wane matsayi zan kira ki?"

Wani mai tura kaya ya yi musu "yalla, yalla," Hamissou ya sa hannu ya tare mata gefen amalanken har ya wuce. Ba ta gode ba. Wannan karon ta lura.

"Hamissou, ban san me ke damuna ba," ta ce. "Tsohuwar ma ta ce wataƙila kuskure ta yi. Dakta ba shi da aibun da zan kai gaban Abba. Yaya ya ce ko sunanka kar a ji. Ni kuma tun jiya ko ruwa ba ya wuce min... Kai fa? Kuskure ta yi?"

Ya ajiye igiyar hannunsa.

"A kanki ban sani ba. A kaina, wallahi ba ta yi ba. Tun ranar da kika ce tuƙina kamar na mai jaki nake sonki. Na yi shiru ne saboda na ga zobe a hannunki."

Ta dubi zoben. Tsoro ya cika ta, tsoron Yaya, tsoron Abba, tsoron surutun dangi. Amma da ta tuna za a soke wa wannan mutumin biza ya hau jirgi ya tafi, sai ta ji wannan tsoron ya danne sauran duka.

"Za su ƙi ka."

"Na sani."

"Ba sau ɗaya ba."

"Daga Damagaram zuwa Kano ba nisa, ma chérie. In sun kore mu da safe, mu dawo da la'asar."

Ta zare zoben ta jefa cikin jaka, don ta mayar wa mai shi hannu da hannu. Tana share hawaye tana harararsa.

"Gidanmu na Gwammaja, bayan masallacin Juma'a, ka ce gidan Alhaji Halliru mai yadi. Ka turo manya masu haƙuri."

"In sha Allahu."

"Kuma don Allah, Hamissou... kar wanda ya yi wa Abba Faransanci."