Mai Langa da Hannu a Aljihu

A can wani gari, an yi wani yaro mai son gayu. Ko langa zai yi, sai ya kama ƙafa da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya cusa a aljihu. Ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, sai tim a ƙasa.

Ana saura kwana bakwai su kara da yaran ƙetaren rafi, abokansa suka ce in ya sake faɗuwa za su cire shi. Ya koma gida yana ƙunƙuni, wai filin ne ba daidai ba.

Kakarsa ta ce, "Maigidana, me ka ɓoye a aljihun nan da ya fi haƙoranka daraja? Fito da hannun, ka miƙe shi, ka zagaya turmin nan."

Ya miƙe hannu yana jin kunya. Ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya yi tangaɗi, hannun ya daidaita shi. Kullum sai ya zagaya turmi.

Ranar karawa aka bangaje shi sau uku, bai faɗi ba. Ya sheƙo gida yana ihu, "Kaka, mun ci!"

Ta ce, "Madalla. To, tunda hannun ya fito, ga taɓarya."