Ƙofa Ɗaya Tak

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, maƙwabta na kwashe shanya, ita kuma Dakta ta dawo daga aiki da warin sinadari a rigarta, ta zauna a bakin gado tana yanke wa mahaifiyarta farce. Sai ga faɗuwar dutse a kan kwanon rufi. Aka ɗan yi shiru, wani ya biyo baya, sannan na uku. Ta leƙa tsakar gida ba ta ga kowa ba, ko kyanwa babu.

Da ta koma ɗaki sai ta tarar Inna ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, tana kallonta tar a ido.

"Tambaya," in ji Inna, "kin rame. Ba kya cin abinci a wurin aikin nan ne?"

Abin yankan farcen ya suɓuce daga hannun Dakta. Shekara biyu cur rabon da Inna ta kira wannan suna, ko ma ta san wace ce ke yi mata wanka.

Inna ce ta laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, don yarinya ce da ba a gama ba ta amsa sai ta jefo wata tambayar. Halin nan ne ya kai ta ɗakin bincike a hawa na uku na wani asibiti, inda ake nazarin cututtukan da ke cinye ƙwaƙwalwa a hankali. Shugabarsu, Farfesa, ta yi shekara ashirin tana bin sawun wani sinadari da ake kira furotin, wanda ke dunƙulewa cikin ƙwaƙwalwa yana toshe hanyoyi. Akwai Mai Ƙuda, wanda ke kiwon ƙananan ƙudaje a kwalabe don ya gano asalin ciwon karkarwa, kuma ya fi sanin halinsu a kan halin matarsa. Dakta kuwa aikinta yanka ƙwaƙwalwar mamatan da iyalansu suka bayar, siriri kamar ɓawon albasa, ta rina, ta sa a madubin ƙara girma, ta ƙirga abin da ya lalace. A ƙirga kam ba a kama ƙafarsu, tsayar da ɓarnar ce har yau ta gagare su.

Hoton ƙwaƙwalwar Inna kuwa, Dakta ta san shi kamar yunwar cikinta. Ranar da ta nuna wa Farfesa, matar ta daɗe tana dubawa, ta cire gilashi, ta dafa kafaɗarta. Masu irin wannan ciwo in rana ta faɗi rikicewa suke ƙarawa, kowa a ɗakin binciken ya san haka. Amma Inna sai ta juya lissafin. Da rana a ba ta takarda a ce ta zana agogo, sai ta tara lambobin a kusurwa ɗaya ta fashe da kuka. Kullum da magariba, bayan duwatsun nan uku sun faɗi, sai ta zana agogo daidai wa daida, ta yi hira, ta yi tsiya, ta tuna ranar da Tambaya ta kwance rediyon gidan tana neman mutumin da ke ciki. Rabin awa ake yi a haka. Daga nan ta zube, jikinta ya ɗau zafi kamar garwashi, wani lokacin har da haɓo.

Yayan Dakta, wanda ke zaune da iyalinsa a ɗaya sashen gidan, shi ya fara faɗa. Ya ce muryar Inna ta yi kauri, kuma matarsa ta ji ana magana ƙasa-ƙasa cikin bangon kicin. A kira Malam. Dakta ta taso masa da dogon bayani na masu ilimi, har ya bar maganar. Gaskiyar da ba ta faɗa ba ita ce, ta ga duwatsun da idonta, ta kuma san babu littafin da ya san da zaman wannan rabin awar. Kullum da la'asar takan rufe madubinta ta gudo gida kamar mai zuwa zance. Tana ganin Inna na ƙarewa, wuyanta ya zama kamar zare, amma ta kasa haƙura da jin sunanta.

Wata safiya tana shafa mata mai, Inna ta riƙe hannunta. Muryarta ce ta ainihi, siririya, a gajiye, irin ta wadda ba ta san da wa take magana ba.

"'Yar nan, in kin ga masu gidan, ki ce musu baƙon nan ya yi min nauyi."

Dakta ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Da ta fito, ita da kanta ta ce wa Yaya ya kira Malam.

Malam ya zo gab da faɗuwar rana, dattijo ne mai ɗingishi, ba shi da yawan magana. Ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da gadon. Gidan ya yi tsit. Duwatsu suka faɗi, ɗaya, biyu, uku, Inna ta tashi zaune ta gyara ɗankwali. Malam ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Can sai kafaɗun Inna suka faɗaɗa, bakinta ya buɗe, wata murya mai zurfi ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kana ƙona ta."

"Wane ne kai, me ka zo sata?"

"Maƙwabci ne. A bangon kicin nake tun kafin a haifi waɗannan biyun. Shekara arba'in matar nan ba ta taɓa watsa ruwan zafi ba sai ta ce a kauce. Ban saci komai ba. Ɗakunan kanta na tarar a buɗe, wayam, an riga an kwashe kayan. Kullum da yamma tana kallon yarinyar nan tana lalubar sunanta, tana kuka ta ciki. Ni kuwa na san sunan."

Dakta ba ta san sa'ad da ta durƙusa ba. "To wa ke kirana? Kai ne ko ita?"

"Ni ke miƙa mata, ita ke kira."

Malam ya sauke numfashi. Ya ce tausayi ne, ya ji, amma jikin ɗan Adam ba a yi shi don ɗaukar mutum biyu ba, kuma mai jikin ta ce ta gaji. Aljanin ya roƙi kwana arba'in, Malam ya ƙi. Ya sauko bakwai, Malam ya ce ba za ta kai ba, shi ma ya sani. Duhu ya fara shigowa ta taga.

"Zan fita," in ji muryar. "Amma ku sani, akwai ƙofofin da ni na tokare su. In na fita za su rufe ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak zan iya sa wa dutse, ta zauna a buɗe har ranar da za ta bar duniya. Ku zaɓa."

Yaya ya share ido da hannun riga. "Ki ce sunanki, ƙanwata. Ni na yafe nawa. Ke kike wahala da ita, ki ce sunanki."

Wallahi ta so. Sunan ya zo har bakin harshenta. Sai dai ta yi shekara tara tana hawa da sauka ta gaban ɗakin da ake kwantar da masu ciwon nan a ƙarshensu. Ta san jerin yadda ƙofofin ke rufewa: sunaye, hanya, tafiya, magana. Ta kuma san ta ƙarshe, wadda iyalai ba sa tunani sai ta zo. Ta ga tsofaffi da roba a hanci, maƙogwaro ya manta aikinsa, cokalin ruwa ɗaya yana shaƙe su, suna kallon kofi da ƙishirwa a ido.

"Haɗiya," ta ce. Sannan ta sake faɗa. "Ka bar mata haɗiya. Ta sha ruwa da bakinta har ƙarshe."

Yaya ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Malam ya sunkuyar da kai.

"'Yarta ce ke," in ji aljanin. "Malam, ka ba ni numfashi uku, in miƙa mata sunan karo na ƙarshe."

Malam ya gyaɗa kai. Kafaɗun Inna suka sauka, idonta ya yi laushi, ta miƙa hannu ta shafi kumatun 'yarta.

"Tambaya, yau ba ki tambaye ni komai ba."

Tambayoyi dubu ta tanada, amma ɗaya ce ta fito. "Inna, kin gaji?"

"Na gaji, uwata. Ki bar ni in kwanta."

Ta kwanta. A kan rufi suka ji dutse ɗaya ya gangara a hankali, ya tsaya a bakin indararo bai faɗo ba. Zazzaɓin bai zo ba a ranar, bai kuma sake zuwa ba.

Ƙofofin suka rufe kamar yadda aka faɗa. Cikin wata huɗu Inna ta daina tafiya, maganarta ta koma 'yan kalmomi. Da aka sake ɗaukar hoto, Farfesa ta kira Mai Ƙuda suka tsaya suna mamaki, wai yadda ɓarnar ta kai bai kamata tana haɗiyar ko miyau ba, ya kamata a rubuta wannan a mujalla. Dakta ta ce a bari tukuna, ta koma kan madubinta, ta daɗe ba ta ga komai a ciki ba.

Har yau tana dawowa gida da la'asar. Takan haɗa shayi mai ɗumi, ta tallafo kan Inna a ƙirjinta, ta kai cokali bakinta, ta zuba wa maƙogwaron ido har ya motsa. Wata rana bayan cokali na biyar, Inna ta ɗago ta dube ta da irin kallon da ake yi wa baƙuwa mai kirki.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Uwarki ta iya tarbiyya. Tana raye?"

Dakta ta hura shayin.

"Tana raye," ta ce. "Buɗe baki."