Ramin da Aka Yaɓe

Na amsa laifina tun daga farko: ranar da aka kira ni, ban zagaya bayan ɗakin ba. Rana ta take, takalmina na matsa mini, kuma shekara ashirin da biyu a aikin jandarma sun koya mini cewa ɓarawo ta ƙofa yake shiga. Wannan ilimi nawa shi ya kwantar da tsoho kwana tara a kaso.

A wani ƙauye ne kusa da Baudeta, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, bayan daminar da ta bar rumbuna wayam. Ƙungiyar manoma ta samu tsiron dankali dubu biyu, irin mai jure fari, ana renonsa a ɗakin ƙasa kafin ruwa ya sauka a raba wa gidaje. Ƙaramin tsiro bai iya zafin bazara, don haka aka kawo kilim, na'urar sanyaya ɗaki mai taya, wadda ake turawa kamar amalanke, da injin wuta mai shan man gazuwal. Safiyar Asabar aka buɗe ɗakin, aka tarar ganye duk ya dahu kamar za a yi kwaɗo.

Alhaji Cindo, shugaban ƙungiyar, ya tarbe ni da bayani a shirye. Gazuwal lita arba'in ta ɓace daga duro. Tsoho Gado mai gadi ne ya sayar, ya kashe inji don kada a gane, zafi ya gama da tsiron. Ga kuma wani babban soja zai zo Litinin ganin dankali, dole a samu abin nuna masa. Na samo masa Gado.

Gado bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya yi ta maimaitawa.

"Ranka ya daɗe, injin nan bai yi shiru ba. Ko salla nake ina jin kukansa."

Na rubuta, na rufe littafi, na sha shayi.

Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya hannun Alhaji, ɗaya hannun Malama Lalla, malamar gona mai kula da tsiron. Ita tun Laraba tana Tasawa tana jinyar mahaifiyarta, mutane da dama sun shaida. Da ta dawo bayan mako, kai tsaye ta zo biro, ofishinmu, ta tambaye ni waɗanne tukwanen tsiron suka fi ƙonewa. Na ce duka. Ta dube ni irin kallon da ake wa wanda ya ce ya san hanya alhali yana bin jaki.

Muka koma tare. Tsiron da ke bayan kilim ya yi baƙi ƙirin, na bakin ƙofa kuwa yaushi kawai ya yi ya bushe. Ta yi mini bayani a hankali, don ta ga kan da take magana da shi. Na'urar ba ta ƙera sanyi. Zafin ɗaki take tarawa ta tura shi cikin wani ƙaton tiyo mai zobba-zobba, wanda aka zura ta ramin bango zuwa waje. In bakin tiyon ya toshe, sai ya fizge daga jikinta, ta dinga zuba zafin ɗaki da nata a ciki.

"Shef, da kashe ta aka yi, da sun fi haka kwana. Aiki ta yi har ta dafa su."

Sai a lokacin na zagaya baya. Taku goma sha huɗu ne, na ƙirga don in ji kunya da kyau. Bangon ya sha sabon yaɓe, sumul. Ramin a buɗe yake, amma gefensa a farfashe, a ƙasa kuma ga curin busasshiyar laka ɗauke da shatin bakin tiyo.

Salifu magini bai ɓoye komai ba, alfahari ma yake. Ranar Alhamis Alhaji ya sa shi yaɓe saboda baƙo, ya ce kada ya bar ko tsaga.

"Har da ramin?" na tambaye shi.

"Shef, rami a bango ai ƙofar maciji ce. Kuma na sa hannu na ji zafi a wurin, na ce to, ga abin da ke ɓata musu sanyi."

"Kai ka sake fasa shi?"

"Ni ba ni fasa aikina."

Saura lissafi mai sauƙi, har ni na iya. Ranar Asabar na tarar da tiyon a maƙale da na'ura, ke nan wani ya mayar da shi daga ciki. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, makulli ɗaya yana Tasawa. Gado kuwa ba ya barin wurin sai sallar Juma'a. Na tambayi liman, ya ce ranar an bar wa Alhaji gurbinsa a sahun gaba har aka gaji aka matso.

A rumbun Alhaji muka samu bido biyu, jarkoki cike da gazuwal. Ba gero ko zangarniya, sai su. Ko lita bai sayar ba.

Ya zauna a ƙasa ya ba da labari. Da hantsin Juma'a ya leƙa ya tarar ɗakin kamar tanda, tiyo a yashe. Ya zagaya, ya ga yaɓen da ya yi umurni da shi. Ya jira gari ya tafi masallaci, ya fasa lakar, ya mayar da tiyo, ya kwashi mai. Ya ce da bakin da ya yi wa gidaje ɗari uku alkawarin iri, bai iya cewa kwalliyar bango ta cinye shi ba.

"To me ya sa Gado, Alhaji?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Na san ba wanda zai duba bayansa."

Da ni yake.

Da hannuna na buɗe wa Gado kaso ranar Litinin. Na shirya jawabin neman gafara, ya katse ni, ya yi mini godiya har da durƙusawa, ya tambaya ko akwai motar Baudeta. Na sa shi gaban motarmu, na kai shi har ƙofar ɗakin tsiron.

Ranar Talata ƙungiya ta sallame shi, don ba sauran abin gadi.