Man Gyaɗa a Faifan Birki

Akwai wani yaro a Birnin Gwari, Auta ake ce masa domin shi ne ƙarami a gidansu. Auta sarkin mafarki ne. Ko ido biyu yake, sai ka ga ya yi tagumi yana murmushi shi kaɗai. Mafarkin kuwa ɗaya ne kullum, keke.

A mafarkinsa, keken ba ya taɓa ƙasa. Yana ratsa dajin nan da manya suka hana yara shiga. Yana wucewa ƙarƙashin kaɗanya da ɗorawa, birai na leƙo shi daga reshe, iska na kaɗa masa riga.

Wata Asabar sai ga Kawu Isiyaku daga Kaduna. Ya sauke sabon ƙarfen keke, shuɗi, yana ta ƙyalli, da tayoyinsa a ɗaure daban.

"Na Auta ne," in ji Kawu. "Tunda ya ci jarrabawa, ran Litinin a kan keke zai je makaranta."

Wayyo daɗi! Auta ya rasa inda zai sa kansa.

Baba da Auta suka kai kayan wurin Oga Timothy, mai gyaran keke a bakin kasuwa, ya haɗa keken tsaf. Birkin wannan keke ba irin na da ba ne. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, kamar murfin tukunya. In ka matse birki, sai wasu ƙananan takalma biyu su kama faifan, keke ya tsaya.

Oga Timothy ya juya tayar baya. Sai aka ji shii, shii, shii.

"Kun ji?" in ji shi. "Faifan yana gogar ƙarfen keken. Sun matsu da yawa, babu sarari tsakaninsu. Sai na sa ɗan siririn zoben ƙarfe ya matsar da shi kaɗan. Ba ni da irinsa yau. Ku tafi da shi gida, ku dawo gobe da yamma in na taso daga coci."

Baba ya dubi Auta. "Ka dai ji. Kada ka hau, kada ka taɓa."

"To, Baba."

Washegari Baba ya tafi gona. Inna tana tsakar gida tana matsar ƙuli-ƙuli. Auta ya zauna a zaure yana juya taya. Da ya lumshe ido ya fara ganin daji, sai shii, shii ta katse masa mafarki. Kai, abin ya dame shi!

Can sai ya tuna. In ƙofar ɗaki ta yi kuka, mai Inna take ɗiga mata. In sarƙar tsohon keken Baba ta yi kuka, mai yake sa mata.

"Ashe ƙishirwar mai yake ji," in ji Auta. "Wannan ma sai an jira Oga Timothy?"

Ya lallaɓa ya ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba. Ya tsoma gashin kaza, ya shafe faifan baya. Don kada na gaba ya yi fushi, shi ma ya shafe shi. Ya juya taya, ƙarar ta ragu. Gogan naka ya yi tsalle ya hau.

Hanyar rafi gangara ce. Keke ya yi ta gudu, itatuwa na wucewa, iska na kaɗa masa riga. Auta ya ji kamar ya shiga mafarkinsa da ƙafarsa. Har ya fara neman birai a sama.

Da ya sauke ido, sai ga rafi dab da shi. Ya matse birki. Shiru. Ya sake matsewa da duk ƙarfinsa. Keke ko a jikinsa!

Tinjim! Sai cikin taɓo.

Gwaggo Furera, maƙwabciyarsu, tana wanki a wurin. Ta yar da sabulu ta rugo.

"Innalillahi! Auta, kai da waye?"

Ta ɗaga shi. Gwiwarsa ta kurje, jini na tsatsafowa. Ta jawo keken, ta sunsuna, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Yau na ga keke mai ƙanshin ƙuli-ƙuli."

Da yamma Baba ya tasa Auta da keken sai wurin Oga Timothy. Oga ya duba ya girgiza kai.

"Yaro, sarƙa ce ke son mai, birki ba ya so. Takalman sun sha mai, ba za su ƙara kamawa ba. Sai an aiko da wasu daga Kaduna."

Ya nuna masa inda faifan ya kankare shuɗin fentin. Auta ya fashe da kuka.

"Baba, ka yi haƙuri. Na zaci gyara nake yi."

"Na haƙura," in ji Baba. "Amma da babbar hanya ka bi, gaban mota, me zan ce wa Innarka?"

Ran Litinin Auta ya tafi makaranta a ƙasa, yana ɗingishi. Abokansa suka yi ta tambaya, "Ina keken?" Kunya ta rufe shi, amma ya faɗa musu gaskiya.

Da takalman suka iso, Oga Timothy ya wanke faifan tas, ya sa zoben. Ya ce, "Leƙa nan." Auta ya leƙa, ya ga ɗan haske siriri tsakanin faifai da ƙarfe. Aka juya taya, ba a ji komai ba.

Auta ya hau. Ya matse birki, keke ya tsaya cak. Ya yi dariya har Baba ma ya taya shi.

Har yanzu Auta yana mafarkin daji, amma sai ya sauka daga keke. Kuma ya koyi darasi: in babba ya ce ka jira, ka jira. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa.